Laifin da Na Ɗora wa Barnaba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ni Ɗan'azumi Gambo, mutumin Paki, mai haɗa fitilun taro a Ikara, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba zazzaɓi ke magana ba. Ƙodata ce ta gaza, kaina yana nan. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, na ce masa ya faɗa mini da Hausa, ya kuwa faɗa. Shekarata talatin da biyu. Na yi mako guda ina zagin kowa, har mai kawo mini kunu. Yanzu fushin ya gaji da ni, sai abin da ke ƙarƙashinsa.

Ummuhani da Lado, ku nake rubuta wa. Ke shekara shida, kai uku, don haka ba yau za ku gane ba. Baffanku Hamisu zai riƙe takardar, ya karanta wa manya yanzu, ya sake karanta muku in kun yi hankali.

1. Ɗaki biyun da na gina a Ikara da gonar masara ta Paki, a raba su yadda shari'a ta ce, tsakaninku da mahaifiyarku Murja da kakarku Inna. Kada wani ya taso da cewa marigayi ya taɓa yi masa alkawari. Ban yi wa kowa ba. Wanda ya san bakina ya san ba alkawari ke fita daga cikinsa ba.

2. Littattafan fitilu da ke cikin akwatin ƙarfe, tare da ƙamus ɗin da bangonsa ya cire, kada a ba mai ƙosai. A aji biyar na bar makaranta, da waɗannan na koya wa kaina karatun Turanci, kalma-kalma. A ajiye wa wanda ya nuna sha'awa a cikinku, mace ko namiji. Sai dai ku sani karatun nan ya kumbura mini kai, har na riƙa ganin duk wanda bai iya ba kamar jaki.

Zan bayyana muku aikin kaɗan, don ba za ku gane abin da ke tafe ba sai da shi. Waya ɗaya ce ke fita daga kwantirola, wato akwatin da muke sarrafa fitilu da shi, ta shiga fitila ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe. Umarni yana bi ta cikinta layi-layi. Kowace fitila ana danna mata lamba a bayanta, adireshinta ke nan, daga nan take fara sauraro. Idan fitila tana cin layi takwas ta fara a ɗaya, ta biyu sai ta fara a tara, ta uku a sha bakwai, ta huɗu a ashirin da biyar. Aka shiga layin juna, to wata za ta ji saƙon da aka aika wa wata.

3. Kwantirolana da fitilu huɗu masu juya kai na ba Barnaba, ɗan Kawuna na Malikanchi. Na tambayi malami, ba su kai sulusin abin da na bari ba, kuma kasancewarsa Kirista bai hana wasiyya ba. Duk wanda ya ɗaga murya a kan wannan, Hamisu ka nuna masa ƙofa.

Barnaba taubashina ne, ɗan yayan Inna. Tare muka tashi, tare muka fara aikin nan, ni ina karantawa shi yana haɗawa, kuma hannunsa ya fi nawa tsabta. Shekara huɗu da suka wuce aka ba mu liyafar aure a wani ɗakin taro a Makarfi. Ana gobe biki ya je ya rataye fitilun, ya saka musu adireshi a tsarin layi takwas, ya manna wa kowace salatif ya rubuta lambarta da takwas ɗin a gefe. Da safe ni kuma na je ni kaɗai. Na karanta a littafi cewa tsarin layi sha shida ya fi sa kan fitila juyawa sumul, sai na hau tsani na mayar da su duka sha shida. Adireshi ban taɓa ba. Ban faɗa masa ba, ina so ya gani ya yi mamaki. Janareta ya zo a makare, ba mu gwada ba.

Bayan la'asar aka rufe labule, ango da amarya suka shigo. Na tura wa fitila ta biyu umarni ta juya kansu, sai ta farko ta ɗauki saƙon, ta sunkuya kan teburin iyaye ta kama walƙiya fari fat. Mahaifiyar ango, Hajiya Mukarrama, ashe tana da farfaɗiya. Ta faɗi daga kujera, hannunta ya karye.

Mutane suka yo kanmu, ni kuma na juya kan Barnaba. Na ce masa manomin rake, wanda bai iya ƙirga takwas ba. Da yake an san mu taubasai ne, wasa tsakaninmu ba ya ƙarewa, wasu har sun fara dariya, shi ma ya ɗan murmusa, yana zaton ina so in sassauta wurin ne. Sai ya dubi fuskata. Na ɗora da cewa gidan Kawu bai taɓa fitar da mai kai ba, lasifikar mai gabatarwa kuma a kunne take kusa da ni. Abin da ya ce kawai, ya saka yadda na koya masa. Ya naɗe wayoyi tsaf yadda ya saba, ya hau mashin ɗinsa.

A lokacin da nake zaginsa, wallahi na manta da abin da na yi da safe. Washegari da na je kwance kaya na ga salatif ɗinsa, takwas, takwas, takwas, takwas, gilashin bayan fitila kuma yana nuna sha shida. Na tsaya a kan tsani na daɗe. Sannan na ɓamɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya na cusa a aljihu. Mantuwar farko kuskure ce. Wannan kuwa da idona biyu na yi.

Daga Kudan har Ikara ba wanda ya ƙara ba shi aiki. Ko a cocinsu sun hana shi taɓa makunni. Ya koma dafa mazarƙwaila a gonar wani, ni kuwa aiki ya ƙaru mini, ana cewa na rabu da mai jawo asara. Duk tuwon da kuka ci a shekara huɗun nan akwai haƙƙinsa a ciki, kuma ba laifinku ba ne.

4. Hamisu, ranar sadakar uku ka karanta sashe na uku da ƙarfi a ƙofar gida, kada ka tsallake layi don rufa mini asiri. Sannan ka je Makarfi gidan Hajiya Mukarrama ka faɗa musu wanda ya hau tsani da safe, ka nema mini gafararta. Ka je wurin faston Malikanchi ma. A gaban jama'a na ɓata sunan Barnaba, ba a ɗaki za a gyara shi ba.

5. Inna, kin bi bayana kin daina zuwa gidan yayanki, ko da matarsa ta rasu ba ki je gaisuwa ba, don kin yarda da ɗanki. Ɗanki ƙarya ya yi miki. Ki yafe mini, ki shirya ki tafi Malikanchi tun Kawu yana da rai. Ki tafi da yaran.

6. Murja, kin sha bakina shekara takwas, kin kuma taɓa tambayata ko na tabbata Barnaba ne, na daka miki tsawa har kika fasa kofi. Ke ce mai gaskiya. Idan kin gama takaba kika sami mutumin kirki, ki yi aurenki, kada kowa ya raba ki da 'ya'yanki.

Sau uku ina kiran wayar Barnaba, yana ɗauka ina kashewa. Jiya na aika Hamisu ya faɗa masa komai da baki. Ya saurara har ƙarshe, ya ci gaba da juya tukunyarsa. Yau tun safe ina kallon ƙofa. In ya zo kafin in tafi, alhamdu lillahi. In bai zo ba, kada wani a gidan nan ya riƙe shi da wannan. In ya ƙi karɓar kayan, a ajiye su da sunansa, kada a sayar.

Ummuhani, Lado, kun gaji saurin bakina, na riga na ji shi a wurinki Ummuhani. Ku riƙe shi. Baba Barnaba za ku riƙa ce masa, ku durƙusa ku gaishe shi ko ya amsa ko bai amsa ba. 'Ya'yansa 'yan'uwanku ne, ku kai musu tuwon sallah, ku ci shinkafar Kirsimeti a gidansu yadda muka ci muna yara. Gidan Paki da gidan Malikanchi ɗaya ne, ni na raba su, ku kada ku gaji rabuwar.

Allah ya raya ku, ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ya hana ni na haƙuri. Ku yi mini addu'a, ku kuma yi wa wanda na zalunta kafin ku yi mini.

Mahaifinku,
Ɗan'azumi Gambo