Bindigar da Ban Saya Ba

Laraba da dare, Levenshulme

Na gaji. Tun ranar da wani fasinja ya ɗora min wuƙa a wuya cikin tasina a unguwar Cheetham Hill ban yi barcin kirki ba. Yau na tuƙa har unguwar Aston, wurin wani da abokin aikina ya haɗa mu. Ya fito da bindigogi biyu, ya ce, "Ɗauki ƙaramar, Malam. Ba wanda zai gane."

Na saka ta a aljihun jacket, ta zauna daram. Ko ɗaurin kurkuku bai tsorata ni ba. Sai na tuna kullum na shigo gida, 'yata Hafsa ke zura hannu a aljihun nan neman alawa.

Na mayar masa. Gobe haka zan fita da tsorona.