Layin da Na Goge a Asirce

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonki a kan laifin da na aikata, wanda wani yake ɗauke da nauyinsa a madadina. Ni mace ce mai shekara arba'in da bakwai, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini. A wani ɗaki maras taga, mai sanyin da ke sa ni yafa mayafi biyu, akwai babbar kwamfutar da muke kira saba. A cikinta akwai manhajar da ake ce wa injin kwantena, wadda ita ke tayar da sauran manhajojin: ta rajistar marasa lafiya, da ta fitar da sakamako. Idan injin bai tashi ba, babu abin da zai tashi.

Wata guda da ya wuce na lura faifan ajiya ya kusa cika. Na buɗe fayil ɗin saitin injin, na ƙara layi ɗaya da ke nuna masa sabon wurin ajiya. Ka'idarmu ita ce duk wanda ya taɓa saiti ya rubuta a littafin canje-canje, kuma ya gwada kafin ya tashi daga aiki. Ni ce na kafa wannan ka'ida, na sha yi wa mutane faɗa a kanta. Ranar an kira ni daga makarantar 'yata, na ce gobe zan ƙarasa. Na manta. Injin ba ya karanta fayil ɗin sai lokacin tashinsa, don haka ya ci gaba da aiki lafiya har mako biyu.

Abokin aikina, wanda kowa ke kira Dattijo, shi ne ya sabunta manhajojin sabar wata Litinin da safe, ya kashe ta ya sake kunnawa. Injin ya ƙi tashi. Kowa ya ce sabuntawar ce. Ya mayar da tsohuwar manhaja, shiru. Muka duba faifai, muka duba izinin fayiloli, shiru. Mutane sun cika benci da takardu a hannu, har da wata mai ciki da aka ce ta dawo gobe.

Washegari na zauna na karanta bayanan da injin ke rubutawa duk lokacin da ya gaza. Jimla ɗaya ce: an ba shi wurin ajiya a wuri biyu, a fayil ɗin saiti da kuma a umarnin da ke tayar da shi, kuma ba zai zaɓa ba. Wanda na gada ne ya rubuta na umarnin tun shekaru, ban duba ba. Na gane layina. Na goge shi, na tayar da injin, ya tashi nan take.

Ban faɗa wa kowa cewa layina ne ya jawo ba. Aka yi ta yabona. Manaja ta ba Dattijo takardar gargaɗi, ta karɓe ikonsa na shiga sabar. Mutumin da ya girme ni da shekara takwas yanzu sai ya zo teburina ya roƙa in buɗe masa abu. Ya yi mini godiya har da addu'a wai na fitar da shi kunya, kuma da zolaya yake kirana likitar injuna. A makon nan ne na hana 'yata waya kwana uku saboda ta ɗora wa ƙanenta laifin fasa kofi.

Na tambayi kaina ko tsoro ne. Ba na jin za a kore ni. Abin da na gano ya fi muni: ina son a ci gaba da ganina a matsayin wadda ba ta kuskure. Bayan azahar ta ranar da injin ya tashi, na yi wa Allah alkawarin zan faɗa wa manaja gaskiya kafin mako ya ƙare. Sau uku na tsaya a ƙofarta. Sau biyu na koma, sau ɗaya na shiga na yi maganar tawadar firinta. Makon ya ƙare kwana tara da suka wuce. Ban cika alkawarin ba.

Mai Kula da Saba

AMSA

'Yar'uwa,

Abu biyu kika haɗa, bari mu raba su. Layin da kika manta kuskure ne irin wanda duk mai wannan aiki ya taɓa yi. Dattijo ma yana da nasa: da ya karanta bayanan gazawar injin kafin ya fara mayar da manhaja, da an gama a awa guda. Manaja kuwa ta yanke hukunci ba ta nemi hujja ba. Amma shirun naki ne ke kaɗai, kuma shi ke ƙaruwa kullum.

Ki lura da abin da damuwa ta ɓoye miki. Da kika goge layin, kin mayar da injin kan faifan da ya kusa cika, don haka matsalar farko tana nan tana jiranku. Kuma muddin ofishin ya yarda sabuntawa ce ta jawo, babu wanda zai sake kuskura ya sabunta sabar. Shirun yana cutar na'urar kamar yadda yake cutar mutumin.

Ki daina dogara da ƙofar manaja, kin ga yadda ƙafarki ke yi a can. Gobe da safe ki fara da Dattijo, shi ne mai haƙƙi. Ki nuna masa jimlar da kika karanta, ki nemi gafararsa ba tare da dogon bayani ba, kuma kada ki sa ran zai yi dariya a take. Sannan ki rubuta wa manaja gajeriyar takarda: ranar da kika canza saitin, abin da ya haifar, da roƙon a janye gargaɗin a mayar masa da ikonsa. Ki haɗa da shirin sauya wurin ajiya, a wuri ɗaya wannan karon, ku biyu, da gwaji a lokacin da babu marasa lafiya.

Batun alkawarin da wa'adinsa ya wuce, ki tambayi malamin da kika amince da shi abin da ya hau kanki. Amma kada ki jira amsarsa kafin ki sauke haƙƙin mutum. Watakila za a daina ganinki a matsayin wadda ba ta kuskure. Za ki iya aiki da hakan. Mu duka da shi muke aiki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa Dattijo ya yafe.