Kwalbar Falmata a Gindin Randa

Daren Talata, unguwar Mairi

Tun da aka sake fasa turakun wuta garin nan yake cikin duhu. Jiya man janareton ɗakin binciken su 'yata Falmata a jami'a ya ƙare, sai ta zo gida da wata 'yar kwalba a cikin kular ƙanƙara, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ta ce furotin ne na ribosom, irin na jikin mutum, amma a ƙasar waje aka haɗa shi. Sai da na sa ta maimaita sunan kafin na iya rubutawa. Tun bara take jiransa, in babu shi babu digiri.

Da safe ta tafi unguwar Bolori neman ƙanƙara, sojoji suka rufe hanya, ta kasa dawowa da wuri. Da azahar na buɗe kular, na tarar da ruwa zalla. Na binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, yadda nake yi wa allurar ciwon sukarin babanta, na zauna ina yi mata fifita.

Da ta dawo na nuna mata da murnata. Ta duba gindin randar, ta ce:

"Mama, ba sanyi yake so ba, daskarewa yake so."

"Ya mutu ke nan?"

"Dama ba shi da rai," ta ce, ta yi 'yar dariya. "Sannu da ƙoƙari."

Ba ta ci tuwo ba. Ƙanƙarar da ta samo tana narkewa a tsakar gida, ko kwalbar ba ta tono ba. Ni dai yanzu ma na ƙara wa yashin ruwa.