Na Ce Musu Yana Barci

Assalamu alaikum jama'a. Ni tsohuwa ce daga ƙasar Zango, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ina faɗa ina share hawaye. Don Allah ku saurare ni tukuna kafin ku zarge ni.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, dillalin shanu ne. Shekara uku ya yi kwance da shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, miyau na zuba, magana ba ta fita. Duk ranar kasuwa shanu kan bi ta bayan ɗakinsa, da ya ji kukansu sai ya dinga bugun bango da hannunsa mai lafiya. Na san abin da yake so. Rannan abokansa na kara, wato kasuwar shanu, suka zo da amalanke, har katifa suka shimfiɗa a ciki. Amininsa ya tsaya a zaure ya ce, "Hajiya, ba mu aron angon naki, ko haƙoran bijimi ɗaya ya duba mana, tun da ya kwanta ake ta cutarmu." Na ce, "Yana barci." Alhali idonsa biyu, yana jina. Mutumin da ake miƙe wa in ya shiga kara, shi za a gani ana goge wa baki? Abin da na riƙa faɗa wa kaina ke nan, amma kunyar tawa ce, ba tasa ba. Sau nawa suka dawo ina ce musu yana barci? Har suka gaji. Shi ma ya daina bugun bangon, ya juya mini baya, kafin damina ya rasu.

Inda yake bugawa yaɓen ya lotsa, na kasa shafewa. Har yau in shanu suka wuce, da rana tsaka, sai in ji bugun nan.

Yanzu aminin nasa ya kwanta da irin ciwon. Na je dubiya, na tarar matarsa ta saki labule ta tare ƙofa. Ta ce, "Yaya, da ke nake koyi, yadda kika rufa wa Malam asiri har ya koma ga Allah." Tana cikin magana na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen gado daga ciki.

In na faɗa mata gaskiya, 'ya'yana za su san abin da na yi wa ubansu. In na yi shiru, ni na rufe mutum biyu da ransu. Amalanken na nan jingine a ƙofar gidan aminin, kuma jibi kasuwa. Me zan yi?