Ƙafar Baba da Kofin Madara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan da sauƙi. Goggo tana nan da ciwon gwiwarta da ƙorafinta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Auta ta gama jarrabawa, yanzu aikinta barci.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, don duk kiran da ka yi a hannun Baba yake ƙarewa, shi kuma ya hana a gaya maka. Na daɗe ina juya abin a raina, na ga ba zan iya ci gaba da ce maka lafiya lau ba.

Ka tuna na ce maka ya taka allura a shagon ɗinkinsa, ta shige babban yatsansa na dama. Da yake yana da ciwon suga, likita bai ɗauki abin da wasa ba. Ya wanke wurin, ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira sifiro, ya sha safe da yamma. Baba bai tsallake ko sau ɗaya ba. Sai dai maganin yana tayar masa da zuciya, Inna kuwa ka san ta, ba ta iya ganin ya yamutsa fuska. Sai ta riƙa dama masa madara mai kauri a babban kofinsa, ya haɗiye ƙwayar da ita. Ana cikin haka saƙonka ya iso, kwalaben nan na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi. Da ka ga murna wajen tsohon nan. Ya jera su a kan teburin yanka, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin ɗansa kafin a auna shi. Yakan haɗa na likita da naka a tafin hannu, ya watsa a baki, ya bi da madarar, ya sa maka albarka.

Ciwo kuwa ya ƙi warkewa. Ƙafa ta kumbura, yatsan ya yi baƙi, har wari ya fara. Da muka koma asibiti, likitan ya tambayi yadda ake shan maganin, Inna ta karɓe zancen tana ba shi labari da alfahari. Sai ya yi mana bayani a hankali. Ya ce abin da ke cikin madara, da wanda ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi, har da maganin ƙwannafi, suna kama irin wannan maganin tun a ciki, su hana yawancinsa shiga jini. Da ruwa ake shan sa, a bar sa'o'i tsakaninsa da su. Wataƙila an faɗa wa Baba a tagar karɓar magani, amma ka san kunnensa, kuma ba ya yarda ya ce bai ji ba. Likitan ya ƙara da cewa ba zai rantse wannan kaɗai ne dalili ba, sugan ma yana da nasa hannun. Inna ba ta ji wannan ƙarshen ba, ta riga ta rufe fuska da mayafi.

Yaya, an yanke rabin ƙafar. Ta hagun kuwa ka san tuntuni suga ya kashe mata ji, ba ta iya taka keken ɗinki. Na yi kuka har na gaji, har yau kuma idan na ga takalminsa na dama a bakin ƙofa sai zuciyata ta karye. Inna ta daina sayen madara, ta ɓoye kofin, ta rame. Baba kuwa da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ku gaya masa. Yaron nan lafiyata ya nema."

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, wallahi babu mai laifi a cikinku. Na ji ka ce za ka ƙaro wasu kwalaben, shi ya sa. Ka dakata tukuna sai likita ya ce. Idan kuma ka kira, ka nemi Inna, ka daɗe kana hira da ita, don maganarka tana shigarta fiye da tawa.

Akwai rigar da ya yanka maka tun kafin a kwantar da shi, ta zauna a ƙarƙashin allura duk tsawon jinyar. Shekaranjiya ya sa aka shigo da keken ɗinkinsa cikin falo. Ya zauna, ya ɗora ƙafar a kan matashi, ya daɗe yana kallon matakin keken. Sai ya kira Inna, ya ce ta matso da kujerarta ta ara masa ƙafa. Ta ce ita da ta raba shi da tasa? Ya ce, "Ni dai taka mini, ɗanmu yana jiran rigarsa." Ta taka tana hawaye, shi yana tura yadin yana mata faɗa wai tana sauri. Ita ce rigar da ke cikin wannan ƙunshin. Za ka ga ɗinkin wuyan ya karkace. Don Allah kada ka kai ta a gyara.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka shafa mini kan yaran. Goggo da Auta suna gaishe ku, Kawu ma ya ce a saka gaisuwarsa. Ka sa Baba da Inna a addu'a.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.