Rabin Malmalar Tuwon Tamba

Ramanagara, 9 ga Yuni

Zuwa ga matata Gauramma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da 'yarmu Shobha mai jego, da jaririn. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, yanar idon ta ƙaru.

An ɗage aikin. Likita ta ce ba za ta taɓa idona ba sai sugana ya sauka, musamman yadda yake tashi bayan cin abinci. Na dawo gida raina a ɓace, ina tunanin ko zan ga fuskar jikana.

Maƙwabcinmu Bashir Sab ya same ni da malmala biyu ta tuwon tamba da miyar kori ta dankali. Na ce ai tamba magani ce. Ya ce, "Magani ce, Nanjappa, amma wa ya ce ka shanye kemis ɗin?" Kin san shi ma ya daɗe da ciwon suga. Yanzu sai na fara cin ganye da wake kafin tuwo, tuwon ma rabin malmala, dankali kuwa ya hana shi shiga tukunya. Da na wanke hannu sai in ji sandarsa a ƙofa. Babu kishingiɗa, sai mun zaga bakin tafki. Yana kirana tsohon bijimi, ni kuma ina ce masa ɗan sanda.

Kada ki taso, Shobha ta fi ni bukatarki.

Mijinki,
Nanjappa

Ramanagara, 28 ga Agusta

Gauri tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya ƙafarki da sanyin damina?

Godiya ga Ubangiji, awon bayan abinci ya sauka, likita ta gamsu, an yi aikin makon jiya. Ta ce in ci gaba da magani da tafiyar. Jibi zan hau motar Maisuru in zo in ga yaron.

Akwai abin da nake so ki sani. Jiya muka fita bakin tafki, karo na farko da idon ya washe. Sai na ga Bashir Sab yana cije leɓe a duk taku, gwiwarsa ta kumbura kamar kwakwa. Wata biyu da rabi ina tafe gefensa ina masa tsiya, ban gani ba. Matarsa ta ce kullum ya dawo sai ta gasa masa ita da ruwan zafi, kuma ya hana ta gaya mini.

Na yi masa faɗa. Ya ce, "Da na zauna, da ka zauna. Na san halinka."

Sai na nuna masa benci ƙarƙashin tsamiya. Yau a can ya zauna yana ƙirga mini zagaye, har da ƙara mini ɗaya na mugunta, na kuma yi.

Naki har kullum,
Nanjappa