Karsanar Roba Mai Farin Goshi

Safiyyatu, ruwan farko na damina, inuwar tsamiya da tsakar rana, nonon da ba a sirka ba, tauraruwar da ke rigan alfijir fitowa bisa ƙauyen Fakku! Ki gaya mini don Allah, a wace ƙasa anka taɓa jin roba ta sa dabba ɗingishi?

Ina tambaya ne don kin daina ɗaga wayata, kin kuma daina kawo nono Tambuwal. Ranar kasuwa na tsaya bakin rumfarmu ta fentin babura ina ƙirga ƙoren mutane har rana ta faɗi, ban ga taki ba. Sai daga baya labari ya iske ni: wai yayanki Bube ya gaya wa Goggonku ni boka ne, na ƙera siffar karsanarki na karya mata ƙafa don in ɗaure zuciyarki. Ni! Ni da ko laya ban taɓa ratayawa ba!

To bari in faɗi abin yadda yake, ki karanta musu in kin so. Wani wasan yaƙi ne da ake yi bisa tebur da ƴan sojojin roba, ana jefa ɗan ludo, ana auna tafiyarsu da tef ɗin tela. A waya nig gan shi, ni kaɗai na koya, kamar yadda na koyi karatu daga allunan shaguna da takardar ƙunshin ƙosai. Sojojin suna zuwa toka-toka, mai su ke yi musu launi. Nawa wani jarumi ne bisa dabba mai ƙaho, su biyun ba su fi babban yatsana ba. Na wanke su da omo, na kankare da reza, na shimfiɗa baƙin fenti, na jira ya bushe. Sai na tsaya ina tunanin launin dabbar.

A wancan makon ne na kai wa Bube babur ɗinsa da na fesa wa fenti. Kin tuna? Kina tsaye bayan ruga kina sosa goshin karsanar da Baffa ya ba ki, ja, mai farin goshi, kunnenta na dama a tsage. Kin ɗago kin dube ni kin yi dariya, don na taka kashin shanu da sabon takalmi. Wayyo wagga dariya! Ta fi sanyin randa, ta fi ƙamshin ƙasa in hadari ya sauka. Na koma gida na san hannuna bai isa ya zana ki ba, wa ya isa? Sai na zana abin da hannunki ya taɓa.

Ja na sirka shi da ruwa, na shafa siriri, na bari, na sake shafawa, don in an lafta shi da kauri gashin ɓacewa yake. Na zuba ruwan baƙi-baƙi ya bi lungunan haƙarƙari. Na goge burushi har ya kusa bushewa na bi ƙahonin a hankali. Farin goshin da tsinken sakace na ɗiga shi, numfashina a riƙe. Tsagar kunnen ma ban manta ba. Da ta yi kyau sai na ɗauki hoto na sa a waya kowa ya gani. Nan ne kaɗai wautata take.

Ƙafar baya ta hagu ta dabbar robar kuwa, a motar Sakkwato ta karye, ƙarƙashin buhun albasa, tun ban san karsanarki na duniya ba. Da gam na liƙe ta. Bube ya buɗa hoton da yatsu biyu ya ga tabon gam, ya waiwaya ya ga karsana na ɗingisa ƙafar hagu, shi ke nan ya gama bincike. Malam Bube, likitan waya! Dabbar da ke yawo cikin laka da ƙaya duk damina, ba wanda ya ɗaga kofatonta ya duba, sai ni da ke Tambuwal.

Hasken idona, ki yi tunani. In da fentina na kama mai rai, ai da Bube na fara zanawa, bakinsa a rufe. In da ina da asiri, da abokina Namadi bai riƙa cinye rundunata duk Juma'a ba yana yi mini dariya.

Yanzu Goggo ta aiko wai in ƙone karsanar robar. To, in na ƙone ta karsana ta yi zazzaɓi, wa za a kama? In na jefa ta gulbi karsana ta yi mura fa? Idanun ta robar sunka rage ban ɗiga ba, ina tsoron in kuskure a ce na makanta dukiyar mutane. Jarumin ma yana nan baƙi ƙirin, ba riga, ba garkuwa. Na nannaɗe su cikin auduga na sa a gwangwanin madara, ina lallaɓa su kamar jinjiri. Aiki ya tsaya, barci ya tsaya. Ina zan kai wanga ƙishi, ke da kike rijiyar?

Ni naki ne, Safiyyatu, ko kunka tashi da shanu kunka yi kudu, ko ƙafata ta gaji zuciyata na biye da sawunku, har ranar da za a sa ni ƙasa. Amma ba zan shiga gidanku da sunan boka ba, ba kuma zan bari ki zauna da mutumin da kike shakka ba.

Saboda haka ki gaya wa Bube: ranar kasuwa mai zuwa ya kawo karsanar gaban Arɗo, ni zan kawo tawa. A ɗaga ƙafafun biyu, kowa ya leƙa. In ba a iske ƙaya ko ruɓar kofato ba, na yarda a kira ni abin da aka ga dama. In an iske, ya tsaya nan gaban dattawa da masu nono, da muryar da ya ɓata mini suna, ya faɗi wanda ya sa ta ɗingishi, ni ko shi da bai duba kofatonta ba. Ya amsa mini a fili!

Naki har abada,
Mu'awiya mai fenti, Tambuwal